Haɗari Suna Ne Mai Ɗaki Da Yawa: Bambancin "Danger" da "Hazard" da "Risk"

Gabatarwa

Ɗalibin da ke karatun kimiyya a makarantar sakandare ba ya daɗewa bai ci karo da kalmomin Ingilishi guda uku ba, watau "danger" da "hazard" da "risk". Yana ganinsu a littafin Bayoloji da na Kimiyyar Noma, a jikin kwalaben ɗakin gwaji, da kuma a takardun jarrabawar WAEC da NECO. In ya tambayi ma'anarsu da Hausa, galibi amsa ɗaya ake ba shi: haɗari. Amsar tana da gaskiyarta, sai dai ta gaza, domin a wurin masana kimiyya kowace kalma da aikinta. Wanda ya cakuɗa su yakan rasa maki a jarrabawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, yakan firgita da abin da bai kai a firgita da shi ba, ya kuma yi sakaci da abin da ke cin lafiyarsa a hankali. Wannan maƙala za ta warware kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da misalai daga rayuwar mutanen kudancin Jihar Jigawa, musamman ƙasar Birnin Kudu da Gwaram.

Asalin kalmomin

Kalmar "danger" ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, inda take nufin ikon ubangida a kan baransa. Wanda ke ƙarƙashin ikon wani, ai ana iya cutar da shi a kowane lokaci, daga nan ma'anar ta koma halin da mutum ke ciki na fuskantar cuta. Ita kuwa "hazard" sunan wani wasan caca ne da ake jefa 'yan ƙwayoyi masu ɗige-ɗige irin na lido, kuma masana harshe da dama suna danganta ta da kalmar Larabci "az-zahr", sunan ita ƙwayar da ake jefawa. "Risk" ta zo daga baya, a ƙarni na 17, ta hanyar Faransanci daga Italiyanci, ta kuma samu gindin zama a bakin fatake masu safarar kaya ta teku da masu yi musu inshora. Wasu masana suna ganin tushenta shi ne "rizq" na Larabci, wanda daga gare shi Hausa ta samu kalmar arziki. In haka ne, to, tun asali kalmar tana ɗauke da riba da asara a haɗe, kamar yadda fatauci yake.

Ita ma kalmar haɗari, ko hatsari, daga Larabci Hausa ta aro ta, watau "khaɗar". Ɗalibi ya kula da lanƙwasar harafin ɗ, domin hadari da ke haɗuwa a gabas da damina dabam ne da haɗari.

"Hazard": abin da ke iya cutarwa

A kimiyya, "hazard" shi ne duk wani abu ko yanayi da ke ɗauke da ikon cutarwa a cikin halittarsa, ko ya cutar da wani ko bai cutar ba. Dafin kububuwa, da fetur, da maganin ƙwari, da rijiyar da ba ta da murfi, duk suna cikin wannan aji. Kububuwar da ke kwance a kogon dutse a dajin Birnin Kudu, inda babu mai zuwa, dafinta daidai yake da na wadda ta shiga rumbu. Ikon cutarwar yana nan, bai ragu ba, bai ƙaru ba.

Masana sukan kasa irin waɗannan abubuwa gida huɗu. Akwai na halittu masu rai, kamar ƙwayoyin cuta da tsutsotsi da macizai. Akwai na sinadarai, kamar maganin feshi da gubar dalma. Akwai na zahiri, kamar wuta da lantarki da ambaliya da ƙarar injin niƙa. Sai kuma na yanayin aiki, kamar ɗaukar kaya mai nauyi ko daɗewa a sunkuye wajen noma.

"Risk": yiwuwar cutuwa

"Risk" kuwa lissafi ne. Yana amsa tambayoyi biyu: mene ne yiwuwar wannan abu ya cutar da wane, kuma in ya cutar da shi, yaya girman cutar za ta kasance? Saboda haka ana iya auna shi da adadi, a ce mutum 1 cikin 100, ko 1 cikin 10,000. Yana hawa, yana sauka, gwargwadon abubuwa uku:

1. Ƙarfin abin da ke iya cutarwa.
2. Yawan cuɗanyar mutum da shi, abin da ake kira "exposure" da Ingilishi: sau nawa, tsawon wane lokaci, kuma nawa ya shiga jiki.
3. Raunin shi mutumin, watau "vulnerability": shekarunsa, lafiyarsa, da kariyar da yake da ita.

Abubuwan nan uku ninka juna suke yi, ba tarawa ake yi ba. Ɗalibin lissafi ya san cewa duk adadin da aka ninka da sifiri, sifiri zai bayar. Ashe ke nan in babu cuɗanya ko kaɗan, babu yiwuwar cutuwa, kome ƙarfin dafin. Hausawa sun riga sun faɗi wannan a karin magana: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren shi ne "hazard", tsagar ita ce cuɗanya da rauni, shigar kuwa ita ce abin da "risk" ke lissafawa.

Misali daga kududdufi

Kudancin Jigawa ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. A Unguwar Ya da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar yadda yake a ko'ina a ƙasar Hausa, ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika da damina su zama kududdufai, ga kuma rafuka da fadamu. A irin wannan ruwa ne cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, take yaɗuwa, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da ita a duniya.

Wata tsutsa ce ke kawo ta, mai suna Schistosoma haematobium, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsar a cikin fitsari. In fitsarin ya shiga ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wata ƙaramar katantanwa ta ruwa mai suna Bulinus su shige jikinta. A can suke hayayyafa na tsawon makonni, sannan su fito dubbai, masu 'yar wutsiya mai baki biyu, waɗanda ido ba ya ganinsu sosai. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka. Suna huda fatar mutum cikin 'yan mintoci, su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ke ratsa bangon mafitsara shi ke kawo jinin. Wanda ya maƙale a ciki kuwa yana kawo kumburi da tabo, ya lalata hanyar fitsari da ƙoda, wani lokaci ma ya kai ga ciwon daji na mafitsara.

To, a ƙaddara akwai kududdufi guda mai ɗauke da katantanwar da ta kamu, ga kuma mutum uku a gari ɗaya. Na farko tela ne da ke wanka da ruwan famfo, bai taɓa sa ƙafa a kududdufin ba. Na biyu manomi ne da ke ratsa gefensa sau ɗaya a mako, da sassafe, da takalmin roba mai tsawo. Na uku yaro ne ɗan shekara 10 da ke iyo a ciki kullum bayan an tashi daga makaranta. "Hazard" ɗaya ne a gare su duka, domin kududdufin bai sauya ba. Amma "risk" na tela kusan babu, na manomi kaɗan ne, na yaron kuwa babba ne ƙwarai.

Amfanin wannan bambanci shi ne yana nuna wuraren da za a sa hannu. Ana iya rage tushen cutar ta hana yin fitsari a ruwa da kuma ba masu cutar magani. Ana iya rage cuɗanya ta samar da rijiyoyin burtsatse, ko ta ajiye ruwan da aka ɗebo na kwana 2 kafin a yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba su wuce haka da rai in ba su samu jikin mutum ba. Maganin praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta, ana auna tsayinsu da sanda don a san adadin ƙwayoyin da za a ba kowa, yana aiki biyu: yana kashe tsutsar a jikin yaro, yana kuma rage ƙwan da ke komawa ruwa. Sai dai ba ya hana sake kamuwa, don haka yaron da ya sha magani ya koma iyo, lissafinsa ya dawo sabo.

"Danger": an riga an shiga

"Danger" kalma ce ta yau da kullum, ba a cika auna ta da adadi ba. Ana amfani da ita in cuta ta matso kusa, tana bukatar a yi wani abu nan take. Ita ce ta fi dacewa da haɗari na Hausa.

Fetur a cikin tankar da ke rufe "hazard" ne. Yana fitar da tururi ko da a cikin tsananin sanyi, tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwata da ramuka, kuma ƙyallin wuta kaɗan ya ishe shi. Yiwuwar tankar ta faɗi a hanya "risk" ne, wanda ya danganta da lafiyar motar da gudun direba da kyawun titi. Amma da zarar ta faɗi, mai ya malala, duk wanda ya matso yana cikin "danger". Abin da ya auku ke nan a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoba, 2024, inda wata tanka ta kife, jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Mutanen Birnin Kudu, da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ƙasarsu, suna da darasi a nan: abin da ke kama wuta shi ne tururin da ba a gani, kuma yana iya kai wa wanda ke tsaye nesa da inda man ya zuba.

A nan akwai wani kuskuren nahawu da ɗalibai ke yawan yi. "The boy is dangerous" na nufin yaron shi ne mai cutar da mutane. "The boy is in danger" na nufin shi ne ake jin tsoron ya cutu. Haka kuma "at risk" ana faɗinsa ga wanda yiwuwar cutuwarsa ta fi ta saura, ko da a yanzu lafiyarsa lau.

Sauran 'yan'uwansu

"Threat" barazana ce, kuma sau da yawa akwai mai nufin yin cutar, ko wani abu da ke tunkarowa, kamar farin dango ga gonaki. "Peril" haɗari ne mai tsanani da ya shafi rai, an fi samunta a adabi da takardun inshora. "Jeopardy" an fi amfani da ita ga abin da ake tsoron rasawa, kamar aiki ko karatu ko shari'a. "Accident" shi ne abin da ya riga ya auku ba da nufi ba, wanda Hausa ke kira haɗari ko tsautsayi. "Disaster" kuma bala'i ne da ya fi ƙarfin jama'ar wuri su magance shi su kaɗai.

Hausa ma ba ta rasa nata rabe-raben ba. Kasada ita ce shiga abu da sanin ana iya asara, saboda ana hangen riba, kamar manomin da ya yi shuka da ruwan farko. Ita ce daidai da "to take a risk". Ganganci kuwa shiga ne ba tare da lissafi ba, ko bayan lissafin ya nuna kada a shiga. Don haka malami na iya fassara "hazard" da tushen cutarwa, "risk" da yiwuwar cutuwa, "danger" kuma a bar mata haɗari.

Karanta jikin kwalba

Manoman wake da riɗi da gyaɗa suna hulɗa da magungunan ƙwari kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gwargwadon ƙarfin gubarsu, kuma bisa tsarin da aka saba ana sa zirin launi a ƙasan takardar kwalba: ja ga mafi guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A tsarin lakabin sinadarai na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, kalmar "Danger" tana kan masu tsanani, "Warning" tana kan waɗanda ba su kai su ba. Duk waɗannan alamu "hazard" suke bayyanawa. Ba su san wanda zai yi feshin ba, ba su san ko zai rufe hanci da baki ba, ko zai fuskanci iska, ko zai ci goro da hannun da bai wanke ba. Wannan ɓangare yana hannun manomi.

Tun a ƙarni na 16 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Paracelsus, ya koyar da cewa yawan abin da aka sha shi ke mai da shi guba. Ko gishiri in ya yi yawa yana kisa. Sinadarin dichlorvos, wanda ake samu a cikin maganin sauron da ake kira fiya-fiya, yana cikin masu guba ƙwarai. Zuba shi kai tsaye a kan waken da za a ci yana kai shi cikin mutane da yawa, kuma saboda yawan ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS yana kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ba tare da magani ba. Wannan ita ce hanya mafi inganci a ko da yaushe: in ana iya kawar da tushen cutarwar ɗungurungum, ya fi a tsaya ana rage cuɗanya da shi.

Yadda rashin bambancewa ke ruɗa jama'a

Akwai wata cibiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Lyon na Faransa, mai suna IARC, da aka kafa a 1965, wadda ke tantance abubuwan da ke kawo ciwon daji. A watan Oktoba na 2015 ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya, irin naman gwangwani, a Rukuni na 1, rukunin da taba sigari take. Nan da nan labari ya bazu a duniya cewa cin irin wannan nama daidai yake da shan taba. Alhali rukunin yana nuna ƙarfin hujjar da ke tabbatar da cewa abu yana iya kawo cutar, ba ya nuna yawan mutanen da za su kamu. Ita kanta cibiyar, a 2019, ta sauya sunan jerin littattafanta, ta cire kalmar "risks" ta sa "hazards", saboda wannan ruɗani.

Ga lissafin. An ƙiyasta cewa cin giram 50 na irin wannan nama kowace rana yana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin 100. A ƙaddara a wata ƙasa mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. Kashi 18 cikin 100 na 5 bai cika 1 ba. Ashe adadin zai tashi ne daga 5 zuwa kimanin 6. Shan taba kuwa yana ninka yiwuwar kamuwa da ciwon dajin huhu sau 15 zuwa 30. Rukuni ɗaya, lissafi dabam. Don haka duk lokacin da aka ji a rediyo cewa wani abu ya ninka haɗarin wata cuta, tambayar farko ita ce: daga nawa zuwa nawa?

A wannan Rukuni na 1 ɗin akwai abin da ya fi shafar manomin Gwaram da Birnin Kudu, amma ba a cika jin labarinsa ba. Shi ne aflatoxin, gubar da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai fumfuna. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Dafuwa irin ta gida ba ta kashe ta. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana kawo ciwon dajin hanta, kuma ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, illarta takan ninka kusan sau 30. Wannan shi ne rauni a aikace. Shanya gyaɗa a kan leda ko tabarma har ta bushe ƙayau, da tsince wadda ta lalace kada a yi ƙuliƙuli ko mai da ita, suna rage cuɗanya. Allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai kuma tana rage raunin.

Kammalawa

A taƙaice, "hazard" yana amsa tambayar: shin abin nan yana iya cutarwa? "Risk" yana amsa: wa zai cutu, yaya yiwuwarsa, yaya girmansa? "Danger" kuma yana cewa cutar ta iso, a yi maza. Abubuwa masu iya cutarwa ba za su ƙare a duniya ba, domin wuta da ruwa da magani duk ana bukatarsu. Abin da ke hannun ɗan'adam shi ne cuɗanya da rauni, kuma a nan ne rigakafi ya fi magani.

Aikin aji

1. Ɗalibai su zagaya harabar makaranta su rubuta abubuwa 5 masu iya cutarwa, su faɗi wa ya fi cuɗanya da kowanne, da abin da za a yi a rage.
2. A wani gari na misali, yara 40 cikin 200 masu iyo a rafi sun kamu da tsargiya, yara 6 cikin 300 da ba su iyo su ma sun kamu. A fitar da kason kowane rukuni cikin 100, sannan a faɗi sau nawa na farko ya ninka na biyu.
3. A kawo misali ɗaya na kasada da ɗaya na ganganci daga aikin gona, a bayyana abin da ya raba su.
4. A fassara zuwa Hausa: "Children under five are at risk", da kuma "The driver is in danger".